Taka Hanyar Inka Zuwa Machu Picchu: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Niyya

Tun da na dawo daga Peru tambayoyin da ake yi mini kusan iri ɗaya ne, a gida da wurin aiki. Na tattara su a nan. Wasu layi biyu ya ishe su. Wasu kuwa, musamman maganar numfashi da jini da ta 'yan dako, dole na zauna a kansu.

Wai mece ce ake kira hanyar Inka?

Inkawa su ne suka mulki tsaunukan Andes na Kudancin Amurka kafin zuwan Sifaniyawa. Sunan daularsu Tawantinsuyu, wato ƙasa mai sassa huɗu, fadarsu kuma tana Kusko, a Peru ta yau. Sun shimfiɗa hanyoyi da tsawonsu ya kai kimanin kilomita 30,000, tun daga kudancin Kolombiya har Chile da Ajantina. Ba su da doki, ba su da amalanke, shi ya sa ba su damu da kewaye dutse ba. Inda tsauni ya tare su sai su sassaƙa matakala su haye. Don ƙafar mutum aka yi hanyar, da ƙafar lama, dabbar dakonsu 'yar dangin raƙumi marar tozo.

Abin da matafiya ke nufi yau wani ɗan guntu ne daga cikin wannan: kimanin kilomita 43, daga bakin kogin Urubamba zuwa kufan birnin Machu Picchu. Yini huɗu ne, kwana uku a tanti.

Ba akwai jirgin ƙasa ba? Me ya kai mutum wahala?

Akwai. Jirgi yana kai mutum garin Aguas Calientes da ke gindin dutsen, bas kuma ta hau da shi cikin kamar rabin awa. Dattijo ko marar lafiya ya bi ta nan, babu aibu. Amma wanda ya shiga jirgi kufai ɗaya zai gani. Wanda ya taka zai wuce ta garuruwan dutse biyar ko shida waɗanda babu motar da ke zuwa, kuma kafin ya isa ya riga ya san nauyin abin a gwiwarsa. Ni sai da na yini ina hawa matakalan da wasu suka jera da hannu shekara ɗari biyar baya, sannan na gane irin mutanen da suka gina birnin.

Yaya kwanakin suke tafiya?

Ranar farko mota ke ɗaukar mutum daga Kusko da asuba, ta bi ta Ollantaytambo, ta sauke shi a wurin da ake kira Kilomita 82. A nan ake duba fasfo da takardar izini, a haye gada. Tafiyar ranar mai sauƙi ce, kamar kilomita 12, ana hango kufan Patallacta a ƙasa da gonakinsa hawa-hawa. Ana kwana wajen Wayllabamba, a tsayin kusan mita 3,000.

Rana ta biyu ita ce ake tsoro. Hawa ne tsagwaronsa na kusan mita 1,200 zuwa mashigar da ake kira Warmiwañusca, mita 4,215, wuri mafi tsayi a duk tafiyar. Ma'anar sunan da harshen Kecuwa "mace ta mutu", don in an hango tsaunin daga nesa kamar mace ce kwance rigingine. Da farko kana cikin kurmi da ƙorama, sai bishiyoyi su ƙare, ya rage ciyawa da iska. A awar ƙarshe ina ƙirga taku ashirin in tsaya, in jingina da sanda, ina jin bugun zuciyata a cikin kunne. Mashigar tana nan a gabanka kamar ka miƙa hannu ka taɓa, amma ba ta matsowa. Ba a daɗewa a sama saboda sanyi. Daga nan sai gangara zuwa zangon Pacaymayo.

Rana ta uku ta fi tsawo, kuma a wurina ta fi kyau. Ana wuce Runkurakay, ginin da'ira a gefen dutse, a haye mashiga ta biyu da ke dab da mita 4,000, a sauka Sayacmarca da ke liƙe a kan tsinin dutse. Sai hanya ta faɗa kurmin hazo, gansakuka ta lulluɓe kowane reshe, a wani wurin ma ta ratsa cikin dutse ta ramin da Inkawa suka faɗaɗa. A Phuyupatamarca, garin da ke saman gajimare, har yanzu ruwa na gudana a magudanan dutsen da suka gina. Daga can gangara ce ta kusan mita 1,000 a kan matakala zuwa Wiñay Wayna, zangon ƙarshe. Masu ciwon gwiwa sun fi kuka da wannan a kan hawan jiya.

Rana ta huɗu ana tashi wajen ƙarfe uku da rabi na dare, don 'yan dako su naɗe tantuna su kama jirgin ƙasa na farko. Shingen masu gadi ba ya buɗewa sai biyar da rabi. Tafiyar awa ɗaya da wani abu, sai wata matakala miƙaƙƙiya da ake hawa har da hannu, sai Inti Punku, Ƙofar Rana. Daga nan ake fara hango birnin.

Mita 4,215 ɗin nan, da me zan kwatanta shi?

Kano ba ta kai mita 500 daga doron teku ba. Jos tana wajen 1,200. Dutsen da ya fi ko'ina tsayi a Najeriya, Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419 ne, kusan daidai da Machu Picchu kanta, wadda ke mita 2,430. Ke nan wurin da ake gangarowa a huta a ƙarshen tafiya, shi ne ƙololuwar ƙasarmu. Kusko, inda jirgin sama zai sauke ka, tana mita 3,400. Warmiwañusca kuwa ta ɗara dutsen Kamaru.

Mene ne ciwon tsauni, kuma zai kama ni?

Mutanen Peru suna ce masa soroche. Iya nisan da ka yi sama, iya sirancewar iska. A mashigar nan kowane numfashi yana kawo maka kusan kashi 60 cikin ɗari ne kawai na oksijin ɗin da ka saba samu a bakin teku. Jiki yana sabawa, amma da kwanaki. Kafin ya saba akwai ciwon kai, jiri, tashin zuciya, rashin barci, abinci ya fita daga rai.

Abin da nake so a riƙe shi ne ciwon nan bai san ƙarfi ba. Yana kayar da ɗan ƙwallo ya ƙyale tsohuwa. A ayarinmu wani matashi ne mai ƙirar ƙarfi ya fi kowa jigata, don ya sauka Kusko ya kama hanya washegari, kuma yana son ya riga kowa. Maganinsa kwana biyu ko uku a Kusko ko a kwarin Urubamba kafin a fara, shan ruwa sosai, cin abinci marar nauyi, da tafiya a hankali. Sannu ba ta hana zuwa, kuma a wannan hanyar ita kaɗai ke kaiwa. Akwai ƙwayar acetazolamide da ke taimaka wa jiki sabawa, amma likita ne zai rubuta ta.

Alamun da ba a wasa da su: haki ko ana zaune, tari mai kumfa, tangaɗi kamar mai maye, ruɗewar magana. Waɗannan suna nuna ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. A sauko da mutum nan take, ko da tsakar dare ne, ko da saura taku ɗari ya kai sama.

Ina da AS. Akwai matsala?

Wannan tambayar ta shafe mu fiye da yawancin masu zuwa can, domin a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, wato ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya na iyaye, kuma da yawa ba su ma sani ba. A gida mai AS lafiyarsa ƙalau. Amma inda oksijin ya yi ƙaranci ga gajiya ga ƙishirwa, ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa. Ba kowane mai AS yake samu ba, amma yana faruwa, kuma jagoran da bai saba da baƙi daga Afirka ba zai iya ɗauka ɓacin ciki ne.

Don haka ka yi gwajin jini kafin ka biya kuɗin komai. In AS ne, ka zauna da likita, ka faɗa wa jagoranka tun ranar farko, kada ka bari ƙishirwa ta kama ka. Mai sikila cikakkiya kuwa, ina roƙonsa ya haƙura da wannan tafiyar. Kusko kaɗai ta isa ta tayar masa da ciwo.

Sai ɗan motsa jiki ne zai iya?

A'a. Duk wanda zai iya tafiyar awa bakwai a yini, kwana uku a jere, zai iya. Mata da yawa suna yi, da mutanen da suka haura sittin. Wata uku kafin tafiya ka riƙa hawa da saukar bene da jaka a baya. Mazaunin Kano ya lizimci Dala da Goron Dutse.

Zan iya ɗaukar jakata in kama hanya ni kaɗai?

Ba a yarda ba. Tun farkon shekarun 2000 gwamnatin Peru ta wajabta bi ta kamfani mai lasisi tare da jagora. Mutum 500 kaɗai ake bari su shiga a rana, kuma a cikinsu har da 'yan dako da masu dafa abinci da jagorori, baƙi ba su wuce kamar 200 ba. Izinin yana ɗauke da sunanka da lambar fasfonka, ba a sayar wa wani, ba a canza rana. Na watannin Mayu zuwa Agusta yakan ƙare tun da watanni, don haka a nema da wuri. In ka sabunta fasfo bayan ka biya, ka tafi da tsohon ma.

Wane wata ya fi?

Mayu zuwa Satumba rani ne a can: sama garau, dare da sanyin da ke daskarar da ruwa a zangon sama, musamman Yuni da Yuli. Nuwamba zuwa Maris damina ce, duwatsu na santsi. Fabrairu gaba ɗaya hanyar a rufe take don gyara. Ni Mayu zan zaɓa, ruwa ya ɗauke amma tsaunuka ba su bushe ba.

Wa ke ɗaukar tantuna da abinci?

An hana dabbobin dako bin hanyar don kofatonsu na lalata matakala, saboda haka komai a bayan mutum yake tafiya: tanti, tukunyar gas, tebur, kujeru, buhun dankali. Masu ɗauka yawancinsu manoma ne daga ƙauyukan kan tudu, Kecuwa ne harshensu, harshen da daular Inka ta yi mulki da shi. Doka ta ƙayyade musu nauyi, wajen kilo 20, kuma ana auna kayan a shinge.

Za ka bar su a zango suna naɗe tanti. Bayan awa ɗaya sai ka ji an yi kira daga baya, ka matsa jikin dutse, su wuce ka da sassarfa, wasu da takalman tsohuwar tayar mota irin na kasuwannin ƙauyenmu. Kafin ka isa sun kafa komai, miya na kan wuta. Ranar da na sauko daga Warmiwañusca ƙafafuna na rawa, wani dattijo a cikinsu, wanda a haife ya haife ni, ya tashi ya tafa mini, ya miƙo mini kofin ruwan ɗumi da hannu biyu. Ya bi hanyar da na bi, da kayan da suka ninka nawa sau huɗu. Har yau ina tuna tsagar sanyi da ke dugadugansa.

A nan ne nake jan kunnen mai neman araha. Kuɗin tafiyar ɗaruruwan daloli ne, kuma kuɗin izini ɗaya ne ga kowane kamfani. Kamfanin da ya karya farashi ƙasa da na kowa, daga abincin ɗan dako da bargonsa yake cirewa. Na ga wani ayari da 'yan dakonsa suka kwana a tantin cin abinci a kan ƙasa mai laima, ba shimfiɗar kirki. Kafin ka biya ka tambaya: nawa ake ba su, me suke ci, ina suke kwana. A daren ƙarshe ana haɗa musu kyauta. Ka ba kowa nasa a hannunsa, ka kira sunansa, ka ce sulpayki, wato na gode.

Musulmi zai sami abin da zai ci?

Zai samu in ya yi magana tun wajen biyan kuɗi. Naman da aka yanka bisa shari'a ba a samunsa a hanya, don haka mafi sauƙi ka ce kifi da ƙwai da kayan lambu kawai kake ci. Masu dafa abincin sun saba. Za ka sha miyar kinuwa, wata ƙwaya ƙanana kamar acca, ga shinkafa, ga kifin kogi, ga dankali iri-iri. Abin da muke kira dankalin Turawa asalinsa daga waɗannan tsaunukan yake, suna da launuka da siffofin da ban taɓa gani ba.

A gari a kula. Alade yana da yawa, wani lokaci da kitsensa ake suya. Ka haddace sin cerdo, wato ban da alade. Kuy da suke gasawa ɓeran Masar ne. Chicha ta masara giya ce, amma chicha morada, mai launin zoɓo, ba ta da maye. Ka tafi da dabino da gyaɗa.

Salla fa?

Kai matafiyi ne, kasaru da haɗa salloli sun sauƙaƙa maka. Ruwan ƙorama kamar ƙanƙara yake, amma ana kawo ruwan ɗumi a roba bakin tanti safe da yamma, ya isa alwala. Alƙibla daga yankin Kusko tana gabas, a ɗan karkata arewa. Kada ka haɗa tafiyar da azumi, jiki na buƙatar ruwa kowace awa.

A kan mashiga za ka ga tarin duwatsu da ganyaye, hadaya ce ga tsaunuka da uwar ƙasa da suke kira Pachamama. Jagora zai iya gayyatar ayari su sa hannu. Na ce masa addinina bai ba ni dama ba, ya gyaɗa kai, magana ta ƙare.

An ce ana shan ganyen da ake yin hodar iblis da shi?

Ganyen koka ne. Halal ne a dokar Peru, suna tauna shi kamar yadda muke cin goro, suna dafa shi shayi, kowane masauki zai miƙo maka. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya nemi shayin muña, wani ganye mai ƙamshin na'a-na'a. Abu biyu dai tabbas ne: yana iya fitowa a gwajin fitsari, kuma fita da shi daga ƙasar laifi ne. Ko ganye ɗaya kada ya kwana a aljihun jakarka ranar komowa.

Me zan ɗauka?

Takalmin da ƙafarka ta riga ta saba da shi, ba sabo ba. Rigunan sanyi da ake jerawa ɗaya kan ɗaya, don a yini guda za ka yi gumi kuma ka yi rawar ɗari. Rigar ruwa, hular sanyi, safar hannu, tocilar goshi, maganin ƙwari saboda wasu ƙananan ƙudaje masu cizo a wajen Machu Picchu. Sanda sai mai roba a baki ake bari. Bargon da ake shiga cikinsa kamar buhu ana hayarsa a Kusko. Ranar can tana ƙona fata, baƙi ma bai tsira ba.

Akwai sabis? Banɗaki fa?

Sabis kusan babu sai ranar ƙarshe, a gaya wa na gida kada hankalinsu ya tashi. Banɗakin zango na tsuguno ne, tsabtarsa sai haƙuri. Ka tafi da butar roba ƙarama.

Wa ya gina Machu Picchu, me ya sa aka bar ta?

Masana sun fi karkata ga cewa sarki Pachacuti ne ya sa aka gina ta wajen shekarar 1450, a matsayin gidan hutu da ibada na gidan sarauta. Ba ta yi shekara ɗari cikakkiya da mutane ba. Cutar agana ta shigo, 'ya'ya biyu na sarkin lokacin suka yi yaƙin gado, sai Francisco Pizarro ya kama sarki Atahualpa a Cajamarca a 1532. Mazauna birnin suka watse, kurmi ya rufe shi. Sifaniyawa ba su rushe shi ba kamar yadda suka yi wa gine-ginen Kusko.

Ana yawan cewa Ba'amurke Hiram Bingham ne ya gano shi ranar 24 ga Yuli 1911. Gaskiyar ita ce wani manomi, Melchor Arteaga, shi ya hau da shi, kuma ya tarar da iyalai suna noma a gonakin. Wani ɗan yankin, Agustín Lizárraga, ya riga shi zuwa tun 1902. Abin da Bingham ya yi shi ne sanar da duniya. Kayan da ya kwashe zuwa jami'ar Yale sai a 2011 da 2012 aka mayar wa Peru. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1983.

Ka tsaya ka duba bangon ɗakin ibadar rana da kyau. Babu laka, babu siminti, babu ƙarfen sassaƙa irin namu, dutse aka goga da dutse har suka haɗe yadda reza ba ta shiga tsakaninsu. Ƙofofi suna da faɗi a ƙasa, su tsuke a sama, bango ya ɗan jingina ciki, duk saboda girgizar ƙasa. A girgizar 1950 cocin da aka ɗora a kan haikalin Qorikancha a Kusko ya farfashe, bangon Inkawa na ƙasa ko gezau.

In izini ya ƙare fa?

Akwai Salkantay, kwana huɗu ko biyar, mashigarta ta haura mita 4,600 a gindin dutse mai ƙanƙara. Ta fi tsayi da sanyi, amma kufai kaɗan ne a kanta. Akwai gajeriyar hanya daga Kilomita 104, yini ɗaya, ta Wiñay Wayna da Ƙofar Rana, ita ma da izininta. Mai son kaɗaici ya nufi Choquequirao, wani birnin Inka da ake gangara kwazazzabon kogin Apurímac a sake hawa kafin a kai shi. Ta fi duka wuya.

Daga Najeriya ko Nijar ta ina ake bi?

Babu jirgi kai tsaye. Ko ta Turai, Madrid ko Paris ko Amsterdam, ko ta Addis Ababa zuwa São Paulo ta Brazil, sannan Lima, babban birnin Peru. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Peru, kuma yada zango a filayen jiragen Turai ma yana da tasa bizar, a lissafa da ita tun farko. Daga Lima zuwa Kusko awa ɗaya da rabi ne. Kuɗinsu sol, a riƙe ƙananan takardu.

In na isa Ƙofar Rana hazo ya rufe komai fa?

Yana faruwa sosai, mu ma haka muka tarar. Fari fat, ko dutsen da ke gabanmu ba ma gani. Wasu suka ɗauki jaka suka gangara. Jagoranmu ya ce mu zauna a kan matakala mu ci abin da ya rage a aljihu. Bayan kamar minti ashirin iska ta taso daga kwarin, hazon ya yage ta gefe ɗaya, tsinin Huayna Picchu, dutsen da ke bayan birnin, ya fara fitowa, sai gonaki, sai gidaje marasa rufi a jere, kogin Urubamba yana kewaye da su can ƙasa. Ka sa rigar sanyinka a saman jaka ranar, don gumin hawan yana hucewa da sauri in an zauna jira. Daga ƙofar zuwa birnin saura tafiyar kamar minti arba'in, duk gangara.